Furen kalandula a kan rauni: man shafawar ne ke aiki, ko ƙwayoyin homiyofati?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani ku taimaka min. Ƙanwar maigidana ta kawo mana tsarabar abu biyu, duka an rubuta Calendula a jikinsu. Ɗaya man shafawa ne, ɗayan kuma 'yar kwalba ce cike da ƙananan fararen ƙwayoyi masu zaƙi, an rubuta 30C a gefe. Ta ce na homiyofati ne, wani tsarin magani daban da na asibiti, daga furen marigol ake yin su, kuma suna warkar da kowane irin rauni: yanka, ƙuna, gurjewa, har wurin ɗinki. Wai a shafa man, a kuma tsotsi ƙwayoyin a ƙarƙashin harshe. Yarana akwai ƙiriniya, kullum sai an samu mai gurje gwiwa. In dogara da su?

Abban Sadiƙ:
Wa alaikumus salam. Man dai mun taɓa shafa wa yaro a gwiwar hannu, kuma ya warke lafiya lau. Ƙwayoyin ne ban taɓa gani ba.

Malam Bashir:
Maman Ilham, kin samu abu mai kyau. Na daɗe ina bibiyar wannan fanni, kuma kalandula na cikin na farkon da ake koya wa mai koyo. Idan jiki ya bugu bai fashe ba, maganin wani tsiro mai suna arnika ake nema. Idan fata ta yage, kalandula. Idan an matse yatsa a ƙofa, wurin da jijiyoyi suka yi yawa, sai a koma ga haifarikum, shi ma na wani tsiro ne. Wani likita Bajamushe, Samuel Hahnemann, shi ya kafa wannan tsari a 1796, bisa ƙa'idar cewa abin da ke haddasa alamun ciwo ga mai lafiya shi ke warkar da irinsu ga marar lafiya, in an ba shi ɗan kaɗan. Sama da shekara 200 ke nan ana amfani da shi. A Indiya ma har ma'aikatar gwamnati gare su da ke kula da shi tare da sauran magungunansu na gargajiya, tun 2014. Ki yi amfani da duka biyun, ba za ki yi da-na-sani ba in Allah ya yarda.

Sista Rabi:
Malam Bashir, ina ganin girmanka, amma kafin a kai ga maganar abin shafawa akwai abin da ya fi shi. Maman Ilham, idan yaro ya shigo da ciwo, ki fara wanke hannunki. Ki danne wurin da tsumma mai tsabta har jini ya tsaya. Ki sa ciwon a ƙarƙashin ruwa mai tsabta yana zuba a kai har ƙasa da tsakuwa su fita, ki wanke gefensa da sabulu. Wannan wankin shi ne rabin aikin, kuma shi ne wanda iyaye suka fi tsallakewa saboda yaro na ihu. Bayan nan ne ake maganar mai da bandeji. Duk man da aka shafa a kan datti, dattin aka rufe.

Kalmar "kowane irin rauni" ɗin nan kuma ita ce ta tayar min da hankali. Babu man da ke maganin kowane irin rauni.

Malam Habu mai harhaɗa magunguna:
Bari in raba muku abin gida biyu, domin a nan ne ruɗanin yake. Abin da ke hannun Maman Ilham suna ɗaya gare su, amma ba abu ɗaya ba ne.

Man shafawar, galibi akwai furen a cikinsa da gaske. Ana jiƙa furen a alkohol ya fitar da sinadaransa, wannan ruwan shi masu homiyofati ke kira uwar magani, sai a kwaɓa shi da mai. A cikin furen akwai sinadarai da aka gwada a ɗakin bincike aka ga suna rage kumburi, fitacce daga cikinsu sunansa faradiyol. Wannan maganin tsiro ne kamar kowane maganin tsiro, ko da kwalinsa ya ce homiyofati.

Ƙwayoyin 30C kuwa sukari ne da aka ɗiga wa ruwan da aka tsarma har babu abin da ya rage na furen a ciki. To idan wani ya ce "kalandula ta yi min aiki", tambayar farko ita ce: wacce daga ciki?

Akwai kuma abin da na daɗe ina son masu wannan fanni su amsa min. Ƙa'idarku ta ce abin da ke jawo ciwo shi ke warkar da shi. Yaushe furen kalandula ya taɓa yanka fatar mai lafiya? Mutanen Turai sun daɗe suna sa shi a kan miki tun kafin a haifi Hahnemann. A ganina aro shi aka yi daga masu maganin tsirrai aka saka masa sabon suna.

Maman Ilham:
Malam Habu, ban gane "babu abin da ya rage" ba. Ni da na ga 30 na ɗauka ƙarfinsa ne ya kai haka.

Zainab Zee:
Anti, bari in gwada bayani, karatun sinadarai nake yi. Harafin C ɗin nan yana nufin ɗari. Za a ɗauki ɗigo 1 na uwar maganin a zuba cikin ɗigo 99 na ruwa ko alkohol, a girgiza da ƙarfi. Wannan shi ne 1C. Sai a ɗauki ɗigo 1 daga wannan a zuba cikin sabon ɗigo 99, a girgiza: 2C. Haka za a yi ta yi har sau 30. Kowane zagaye yana rage abin da ke ciki sau 100. A 30C, kason furen ya zama 1 cikin lambar da ke da sifili 60 a bayanta.

Matsalar ita ce abu ba ya rabuwa har abada. Akwai ƙaramar ƙwayar da in an kai gare ta an kai ƙarshe, ita ake kira molekul. A cikin giram 18 na ruwa akwai molekul kimanin 6 da sifili 23 a bayanta. Saboda haka tun daga wajen 12C, da wuya a ce ko molekul guda na furen ya tsira a kwalbar. Ki ɗauki duk ruwan tekunan duniya ki jefa molekul guda tak a ciki, wannan bai wuce kusan 23C ba. Naki 30C ne. Su masu fannin suna cewa yawan tsarmawa ƙarin ƙarfi ne, shi ya sa lambar ke kama da ta ƙarfi.

Malam Bashir:
Zainab, lissafinki daidai ne, kuma babu wani mai homiyofati da ya san abin da yake yi da zai musa shi. Ba mu taɓa cewa sinadarin ne ke aiki ba. Girgizawar da ake yi a kowane mataki ita ke sa ruwan ya riƙe tasirin abin da ya taɓa shi. Kimiyya ba ta gama gano komai ba, 'yata.

Kuma gani ya kori ji. Lokacin annobar kwalara a Landan a 1854, waɗanda suka mutu a asibitin homiyofati sun yi ƙasa sosai da na sauran asibitoci, wannan a rubuce yake. Ni kaina na ga ciwon da aka ba mai shi waɗannan ƙwayoyi ya haɗe cikin 'yan kwanaki, ko tabon kirki bai bari ba. Me za ki ce min a kan abin da idona ya gani?

Zainab Zee:
Malam, maganar ruwa na riƙe tasiri an gwada ta. A 1988 wani masani Bafaranshe, Jacques Benveniste, ya wallafa bincike a mujallar kimiyya ta Nature yana cewa ya ga hakan. Editan mujallar da kansa, John Maddox, ya tafi ɗakin binciken da wasu mutum biyu, aka sake gwajin ta yadda masu dubawa ba su san wace kwalba ce ta magani wace ce ta ruwa zalla ba. Da aka yi haka, sakamakon ya ɓace. Sannan idan ruwa na tuna abin da ya taɓa, me ya sa zai tuna fure ya manta duk sauran abubuwan da ya ratsa kafin ya iso kwalbar?

Malam Habu mai harhaɗa magunguna:
Malam Bashir, labarin kwalarar gaskiya ne, kuma ina ganin ya kamata a yi wa Hahnemann adalci. Likitancin zamaninsa mugun abu ne: a tsaga jijiya a zubar wa marar lafiya da jini, a ɗura masa magungunan da ke da sinadarin makuri mai guba, a sa shi amai da gudawa da gangan. Mai kwalara ruwan jikinsa ne ke ƙarewa, ka ga wanda aka ƙara zubar wa da jini ai an taya cutar aiki. Wanda aka ba sukari da ruwa aka kwantar a gado mai tsabta dole ya fi shi tsira. Wannan ya nuna illar wancan likitancin, bai nuna ƙwayoyin na magani ba.

Batun abin da idonka ya gani, ban ƙaryata ka ba. Ciwon ya warke. Amma ƙaramin ciwo a jikin mai lafiya warkewa yake yi ko an ba shi ƙwaya ko ba a ba shi ba. Jini ya daskare ya toshe wurin, ƙwayoyin garkuwar jiki su zo su share datti, wanda shi ne jan da ɗumin da ake gani a kwanakin farko, sabon nama ya tsiro daga ƙasa, fata ta rufo daga gefe. Hanyar da za a san ko ƙwaya ta ƙara wani abu ita ce a tara mutane da yawa, a ba rabi ita, a ba rabi ƙwayar wofi mai kama da ita, ba tare da kowa ya san wacce ya sha ba. An yi irin wannan sau da dama a kan magungunan homiyofati. Hukumar binciken lafiya ta Ostareliya ta tattara su ta duba, a 2015 ta ce babu wata cuta guda da aka samu ingantacciyar hujjar cewa homiyofati na maganinta. Kwamitin kimiyya na majalisar dokokin Birtaniya ya faɗi kusan haka tun 2010. A 2017 hukumar lafiya ta Ingila ta ce likitocinta su daina rubuta shi. Faransa, inda mutane ke ƙaunarsa ƙwarai, ta daina biyan kuɗinsa daga inshorar lafiya ta ƙasa a farkon 2021.

Hajiya Turai:
To ni tambayata a kan man ne. Yayata ana yi mata gashi da na'ura a asibiti saboda sankarar mama, fatar wurin ta yi ja tana zafi kamar ƙuna. Wata ta ce mata ta nemi man kalandula. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki?

Malam Habu mai harhaɗa magunguna:
Allah ya ba ta lafiya, Hajiya. Kin taɓo daidai wurin da aka fi yin bincike a kan man. A 2004 an wallafa wani gwaji da aka yi a birnin Liyon na Faransa a kan mata 254 da ake yi wa gashin sankarar mama. Cikin waɗanda suka shafa man kalandula, kashi 41 cikin ɗari ne fatarsu ta yi ƙuna matsakaiciya ko mai tsanani, a ɗaya ɓangaren da suka shafa man da aka saba ba su kuwa kashi 63 ne. Wannan ya sa mutane da yawa murna. Sai dai a 2013 aka fitar da wani daga Suwidin, mata sama da 400, aka gwada kalandula da wani man laushin fata da babu magani a cikinsa, ba a ga bambanci ba. Don haka maganar ba ta zauna daram ba. Abin da zan ce, kada ta shafa komai a wurin sai ta nuna wa masu yi mata gashin, domin suna da ƙa'idarsu a kan abin da ake shafawa da lokacin da ake shafa shi.

Ga ƙananan raunuka kuwa, hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da furen a matsayin maganin gargajiya na ɗan kumburin fata, irin ƙunar rana, da taimaka wa ƙaramin ciwo ya warke. Ku lura, bisa daɗewar amfani da shi ta amince, ba bisa manyan gwaje-gwaje ba, kuma ba ta ba da shawarar shafa wa yaran da ba su kai shekara 6 ba saboda ƙarancin bayanai. Maman Ilham, ki duba shekarun naki.

Wani abu kuma: tun 1962 wani mai bincike a Ingila, George Winter, ya nuna cewa ciwon da aka bari da danshi a rufe ya fi saurin haɗewa a kan wanda aka bari iska ta busar ya yi ɓawo. Kowane mai, har basilin zalla, yana riƙe wannan danshin. Ina kyautata zaton wani kaso na yabon da ake yi wa furen, na man da aka kwaɓa shi da shi ne.

Hajiya Turai:
Na gode ƙwarai Malam. Zan faɗa mata ta tafi da shi asibiti su gani.

Baba Ɗanlami:
'Ya'yana, ni ba likita ba ne, mai son shuka furanni ne. Abin da nake tsoro shi ne wani ya karanta wannan ya fita ya tsinko furen da ba shi ba. Sunan marigol fure iri biyu ake kira da shi, kuma ba ɗaya ba ne. Wanda aka fi gani a shingen gidaje, mai cunkusasshen kai, ganyensa a tsattsage, in ka murza shi ya bar maka wari mai ƙarfi a hannu, wannan Tagetes ne, asalinsa daga Meziko. Shi ne ake sa garin furensa a abincin kaji don kwaiduwa ta yi ja. Ruwansa kan sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje a fata.

Na maganin shi ne Calendula officinalis, ɗan kudancin Turai. Ganyensa dogo ne ba tsaga, da ɗan gashi-gashi. Furen a buɗe yake, ruwan lemo ko rawaya, yana buɗewa da hantsi ya rufe da yamma. In ka tsinke shi za ka ji yatsunka sun yi danƙo daga koren gindin furen. Irinsa a lanƙwashe yake, da ƙaya-ƙaya a bayansa, ba ya kama da na wancan ko kaɗan.

Masu jiƙa shi a mai a gida kuma, sai furen ya bushe ƙayau a inuwa. In da sauran ruwa a jikinsa man zai yi funfuna, ka zo kana shafa wa ciwo ruɓa.

Sista Rabi:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ni ma man da aka haɗa a gida ba zan so a sa shi a buɗaɗɗen ciwo ba, don babu mai tabbacin tsabtarsa. Kuma wanda ya san jikinsa na bori da furanni dangin wannan, irin su kamomil ko furen sunfulawa, ya nisance shi. A fara gwada ɗan kaɗan a lafiyayyar fata. Ruwan uwar maganin nan mai alkohol kuma kada a tsiyaya shi kai tsaye a ciwo, yana da raɗaɗi kuma yana ƙona sabon naman da ke tsirowa.

Malam Bashir:
A wannan muna tare. Mu ma ana koya mana a tsarma shi da ruwan da aka tafasa ya huce kafin a wanke ciwo da shi, kuma kada a sa kalandula a rauni mai zurfi, don kada sama ya rufe a bar ƙazanta a ciki. Ban taɓa ce wa mai buƙatar ɗinki ya zauna a gida ba. Amma ƙwayoyin, Malam Habu, ina nan a kan bakana. Hukumomin da ka lissafo da ma'aunin maganin asibiti suka auna mu, alhali mu mutum muke dubawa gaba ɗayansa, kowa da maganin da ya dace da yanayinsa.

Malam Habu mai harhaɗa magunguna:
Malam, ai a nan ba a duba kowa ba. Kwalba ɗaya aka miƙo wa Maman Ilham aka ce ta ba duk wanda ya ji ciwo. Kuma ma'aunin ba na asibiti ba ne, tambaya ce da kowa zai iya yi: waɗanda suka sha sun fi waɗanda ba su sha ba saurin warkewa? Ciwo abu ne da ake gani da ido, ana iya auna faɗinsa da rula kowace safiya.

Ga masu saye: ku juya kwalin ku karanta. In kun ga MT ko TM ko alamar Ø, uwar maganin ce, akwai fure. In kun ga 1X, kashi 1 cikin 10 ne, akwai fure. In lambar ta kai 12C ko sama, babu.

Abban Sadiƙ:
To in dai sukari ne kawai, ai ba ya cutarwa. Wanda ya ga dama ya tsotsa, mene ne abin jayayya?

Sista Rabi:
Abban Sadiƙ, ba sukarin ba ne ke cutarwa, jiran ne. Akwai wani dattijo mai ciwon sukari da aka taɓa kawo mana. Takalmi ne ya ɗan goge masa ɗan yatsan ƙafa. Da yake ciwon sukari ya kashe masa jijiyoyin wurin, ba ya jin zafi. 'Ya'yansa masu kula da shi ne sosai, safe da yamma suna wankewa suna shafa mai suna ba shi irin waɗannan ƙwayoyin, hankalinsu kwance domin suna ganin ana magani. Ranar da aka kwance bandejin a gabana, yatsan ya yi baƙi, warin ya cika ɗakin, ja ya haura har idon sawu. Sai da aka yanke. Babbar 'yarsa tana kuka tana cewa ba su taɓa fashin ba shi magani ba, kuma gaskiya ta faɗa.

Shi ya sa nake roƙonku, waɗannan ba na gida ba ne: ciwon da ya buɗe baki ana hango kitse ko nama, jinin da aka danne minti 10 bai tsaya ba, sukar ƙusa ko ƙaya mai zurfi, cizon dabba ko na mutum, ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita ko ta taɓa fuska ko gaba, da kowane irin ciwo a ƙafar mai ciwon sukari. Ƙuna kuma ruwan sanyi mai gudana ake sa mata na minti 20 kafin komai, ba ƙanƙara ba, ba mai ba. Cizon kare a wanke da sabulu da ruwa na minti 15 a wuce asibiti don allurar haukan kare. Ƙaramin ciwon ma, in ja ya fara yaɗuwa, ko ya kumbura yana zafi, ko ya fara mugunya, ko zazzaɓi ya shigo, an wuce maganar man shafawa.

Yaya Mustafa:
Sista, yanzu na shigo na karanta. Jiya da yamma ƙusa ta soki ƙanena a tafin ƙafa ta cikin takalmi. Ramin ɗan ƙarami ne, ko jinin kirki bai yi ba, har ya rufe. Muna da irin wannan man a gida, shi muka shafa. Ya wadatar?

Sista Rabi:
Bai wadatar ba, Yaya Mustafa, ku kai shi yau. Ƙaramin ramin da ya rufe da wuri shi ne abin tsoro, domin ƙwayar tetanus a cikin ƙasa da ƙura take zaune, kuma inda iska ba ta shiga nan take yaɗuwa. Man yana sama, ita tana can ciki. Ku tafi da katin rigakafinsa in akwai. In allurarsa ta ƙarshe ta wuce shekara 5, za su yi masa wata. In bai taɓa kammala su ba, ko ba ku da tabbas, ku faɗa musu haka ƙarara, akwai ƙarin allurar da ake haɗawa da ita. Ku kuma ce musu ta cikin takalmi ƙusar ta shiga, domin takan tura ɓarɓashin roba ko yadi cikin naman, za su so su duba. Kafin ku fita a goge man, a wanke ƙafar da sabulu da ruwa, a rufe da bandeji mai tsabta, kuma kada ya taka ta.